Hasumiyar bakin kogi a Toledo

A Toledo ta ƙasar Sifaniya, bakin kogin Tajo, an nuna mana wata tsohuwar hasumiya. Wai nan Rodrigo, sarkin Kiristocin ƙasar a lokacin, ya hango 'yar Julian, gwamnan birnin Sabta da ke gaɓar Arewacin Afirka, tana wanka, ya keta mata haddi, shi kuma uban ya rama ta hanyar buɗe wa kwamandan Musulmi Ɗariƙu bin Ziyad ƙofar shiga ƙasar a shekarar 711.

Abin ya tsaya min a rai. Kiristoci sun riƙe labarin don su ce zunubin sarki ya jawo musu fushin Allah. Ibn Abdulhakam, masanin tarihi Musulmi ɗan Masar, shi ma ya kawo ramuwar Julian tun ƙarni na 9. Rikicin gadon sarautar da ya raba kan masu mulkin ƙasar kuwa, mai jagoranmu ko ambatonsa bai yi ba. Daga baya har yarinyar aka ɗora wa laifin rushewar mulkin Kiristoci a ƙasar. Wallahi wannan ya fi min ciwo.