Abin da shekara huɗu a shagon kwamfuta suka koya mini game da katin hoto

Makon jiya na miƙa makullin shagon da na yi shekara huɗu ina aiki a cikinsa, kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cinikin wata kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya da na yi a shekarata ta farko.

Wani ɗalibi ne ya shigo da jika 150 da ya daɗe yana tarawa, ya ce yana son na'urar da zai yi karatu da ita, in ya gaji kuma ya buga ƙwallon PES 2021 da abokansa na unguwar Birni. Maigidana ya riga ya horar da mu cewa duk wanda ya ambaci wasa a nuna masa tambarin Core i7, wato wani nau'in furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na kamfanin Intel, ba a ƙara masa bayani. Haka na yi. Na ɗauko masa wata ta hannu mai i7 zubi na uku, wato na shekarar 2012, wadda katin hotonta, wato sashen da ke zana abin da ake gani a allo, Intel HD 4000 ne da ke haɗe a cikin furosesa, da sandar RAM (ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita) guda ta giga 4, na kuma tabbatar masa cewa babu wasan da zai gagare ta. A lokacin da gaske na yarda da abin da nake faɗa.

Bayan kwana uku ya dawo idanunsa jajur, domin wasan ya ƙi tafiya. Maigida ya ƙi karɓar kayan, sannan a gaban yaron da sauran masu ciniki ya juyo gare ni ya ce, "Kai yaro, wa ya aike ka ka yi masa alkawari?" Ya yanke rabin albashina na wannan watan da sunan horo, kuma ko dala ba ta koma hannun ɗalibin ba. Har yau ban manta yadda ya ce mini, "Yaya, ai na amince da kai ne," kafin ya naɗe na'urar a jakarsa ya fita.

Daga ranar na zauna na koyi abin da ya kamata a koya mini tun farko. Katin hoto na haɗe ba shi da ma'ajiyarsa ta kansa. Daga RAM ɗin na'ura yake aro, saboda haka idan sanda ɗaya ce kawai a ciki, hanyar da bayanai ke bi ta zama ƙunci, idan kuwa aka sa sanduna biyu masu girma ɗaya, hanyar ta ninka kuma bambancin yana bayyana a wasa ƙarara. Na gane kuma cewa i7 ba ya gaya maka komai game da hoto sai ka san zubinsa. Katin haɗe UHD 620 na zubi na takwas ya fi HD 4000 nesa, Iris Xe da ya zo da zubi na 11 a 2020 ya fi su duka, haka ma Vega 8 da ke cikin wasu furosesa Ryzen 5 na kamfanin AMD, wanda masu ciniki da yawa ke rainawa don ba su saba da sunan ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na gano cewa PES 2017 yana tafiya a kan irin na'urar da na sayar masa, domin daga PES 2018 ne aka ɗaga nau'in wasan na kwamfuta ya yi daidai da na PlayStation 4, nauyinsa ya ƙaru sosai. Da na san wannan, da na gaya masa gaskiya ya zaɓa da kansa.

Idan aka tambaye ni ko katin haɗe ya isa a yi wasa da shi, amsar da nake bayarwa yanzu ita ce katin haɗe ya isa ga mai wasan hutu, muddin an tambaye shi wane wasa yake nufi. GTA San Andreas da Minecraft da tsofaffin wasannin ƙwallo suna tafiya ba wahala. GTA V yana yiwuwa a kan Iris Xe ko Vega 8 idan aka sauke tsabtar hoton zuwa matakin 720p aka rage ƙawa. Sababbin manyan wasanni kuwa kada a yaudari kowa da su.

Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe fanka suna sa na'ura ta rage gudu da kanta, don haka a riƙa buɗewa ana sharewa. Katin haɗe ba ya shan batir kamar katin dabam mai ma'ajiyarsa ta kansa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake yawan ɗauke wuta. A kan caji wasa ya fi tafiya.

Maigida ya sha yi mini faɗa cewa tambayoyina suna korar ciniki, kuma gaskiya ne wasu sun fita ba su saya ba. Amma a shekara ukun da suka biyo baya babu wanda ya dawo mini da na'ura saboda wasa, kuma a ƙarshe masu zuwa da ƙannensu ni suke tambaya a bakin ƙofa. Ɗalibin nan ma na neme shi daga baya, na sa masa sandar RAM ta biyu da kuɗin aljihuna, na girka masa PES 2017.