Guntun itace da mudu biyu

Shekara biyu na yi ina rufe shagon hatsina da ke Kakuri da yamma, in hau Keke zuwa Sabon Tasha, inda ake ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a wata majami'a. Na shiga ajin da yaƙinin cewa bautar gumaka magana ce ta kakanninmu, waɗanda suka riƙa yi wa duwatsu da gindin tsamiya yanka kafin bishara ta iso ƙauyenmu. Ni kuwa a cikin ikilisiya aka haife ni, ban taɓa ɗaura laya ba.

Wata rana malaminmu, dattijon da muke kira Baba Fasto, ya shigo da guntun itacen girki, ya ajiye shi a kan tebur, ya sa aka karanta Ishaya 44. A nan ne annabin yake ba da labarin mutumin da ya sare itace, ya hura wuta da rabinsa, ya gasa nama, ya ji ɗumi, sauran kuma ya sassaƙa shi, ya durƙusa a gabansa yana roƙonsa ceto. Muka yi ta mamakin wautar mutumin. Baba ya ɗaga itacen ya ce, "'Ya'yana, wannan itace bai yi laifin komai ba, Allah ne ya ba da shi don girki." Sannan ya kai mu Kolosiyawa 3:5, inda Manzo Bulus ya kira kwaɗayi bautar gumaka kai tsaye.

Jikina ya yi sanyi, domin a lokacin mudu biyu nake da su a shago. Ɗaya na saye ne, ɗaya kuma na sayarwa, wanda aka ɗan buga gindinsa ya shige ciki yadda ido ba zai lura ba. Ribar da Allah ya ba ni don in ciyar da iyalina, ita na mayar abin dogarona, har nake tauye wa matan unguwa masararsu saboda ita.

Abin da na fara yi ya fi laifin farko muni a ganina: na ƙara yawan baikon da nake bayarwa ranar Lahadi, ina tsammanin lissafin zai daidaita, mudun kuwa yana nan inda yake. Littafin Firistoci 16 ne ya rushe wannan tunani. Sau ɗaya tak a shekara, a rana ta 10 ga wata na bakwai, babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki, wato ɗakin can ciki na alfarwar sujada, kuma kafin ya yi kafara domin jama'a sai ya yanka bijimi saboda zunubin kansa. Bunsuru biyu ake kawowa, a yanka ɗaya, a furta laifofin jama'a a kan ɗayan, a kore shi jeji. Duk da haka badi sai an sake, kuma Ibraniyawa 10:4 ta faɗa a sarari cewa jinin bijimai da na awaki ba ya iya kawar da zunubi. Idan hadayar da Allah da kansa ya umarta inuwa ce kawai ta hadayar gaskiya da ke zuwa, ina ga 'yan nairorin da na zuba a kwando?

Mun kuma karanta hujjar Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ya rubuta a wajen 1098 cewa mutum ne ake bi bashin zunubi, amma Allah kaɗai ke da ikon biya, saboda haka dole mai fansa ya zama Allah kuma mutum. Sai a lokacin na fahimci abin da ya sa gicciyen Yesu Almasihu ya zama dole, bayan shekarun da na yi ina rera shi a waƙa.

Washegari na kai mudun nan wurin maƙeri ya farfasa shi. Da wata tsohuwa da ta daɗe tana saye a wurina ta zo, na auna mata, na ƙara mudu huɗu, na gaya mata dalili. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Ɗana, ai na sani tun bara."