Motar da ta bi ni Ingila

Daren jiya ɗan ƙanwata ya kira ni daga Kano. Ya samu aikin jinya a Manchesta, kuma wai da Corolla ɗinsa zai taho. "Kawu, nawa ne kuɗin kwantena?" Na yi shiru har ya ɗauka layi ne ya yanke.

Abin da na yi ke nan a 2018. Honda ce, wadda ake ce wa Diskoshin, ƙirar 2004, ta marigayi Baba. Wa zai sayar da motar da carbin ubansa ke rataye a madubinta? Da wannan nake kare kaina, kuma har gobe ina ganin hujja ce. To amma akwai son a sani a ciki, kada a ce na sauka ƙasar mutane ina bin bas.

Aka ɗora ta a tirela zuwa Legas, jirgin ruwa ya sauke ta a tashar Tilbury ta Ingila. Sai a nan na ji cewa ana yafe wa mai ƙaura haraji, in ya shekara a wajen ƙasar, motar kuma ta yi wata 6 a hannunsa, da sharaɗin ba zai sayar ba sai bayan shekara. Tun kafin a loda ta ake neman wannan izini. Ajan ɗina bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ga takardun duk da sunan Baba. Mota na ajiye, kuɗin ajiya na hawa kullum, ƙarshe na biya kwastan kashi 10, da VAT kashi 20.

Na ce an gama, ashe da sauran rina a kaba. A sanar da hukumar haraji cikin kwana 14, a gyara fitilun gaba don kada su kashe wa masu tahowa ido, a sa fitilar hazo a baya, a yi gwajin lafiyar mota da ake kira MOT, sannan rajista a DVLA, hukumar rajistar motoci. Masu inshora da sun ji motar waje ce sai su tsuga kuɗi. Sitiyari kuma yana hagu a ƙasar da ake tuƙi ta hagu. In zan wuce bas sai maiɗakina ta leƙa ta ce "tafi". A wurin fakin kuwa sai na kwance bel, na miƙe a kan kujerar fasinja kafin na kai ga tikiti, na baya suna kallona. Duk da haka, ranar da na fara tayar da ita cikin sanyi na ji ƙamshin turaren Baba, sai da na yi hawaye.

Sai na ce wa ɗan ƙanwar tawa: na so in jero maka shawara goma, ɗana, amma ku yaran yanzu abin da ya wuce minti guda ba ku saurara, sai abin da wani ya faɗa a TikTok. Sayar da ita. Lasisinka na Najeriya ma wata 12 kawai zai yi maka, daga nan sai jarrabawar tuƙi, can kuɗinka zai yi amfani. In motar gado ce, to, wannan ban ce komai ba. A'a, ita ma bar ta a gida, ba ƙaninka ya riƙa kai Hajiya asibiti.

Ya ce zai yi tunani. Ɗazu ya turo mini lambar wani ajan, wai in duba masa.