Darussan gashin kukis na ot da gyaɗa da cakulan a yanayin Zariya

Yawancin ma'aunin wannan kukis da ke yawo a wayoyin mata an rubuta shi ne a ƙasashe masu sanyi, inda bota ke wuni a kan tebur bai narke ba. A Zariya kuwa, daga Maris zuwa farkon Mayu, zafin rana kan haura digiri 35, alhali bota da man koko da ke cikin cakulan duk suna narkewa ne tsakanin digiri 32 da 35. Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne kwaɓin maiƙo uku ne a haɗe: na bota, na gyaɗa, da na cakulan. Kusan duk ɓacin da ake gani, ko kukis ya baje ya manne da ɗan'uwansa, ko ya marmashe a hannu, daga wajen maiƙon nan yake tasowa.

Ma'aunin da ke ba da kamar guda 24 shi ne bota giram 115, markaɗaɗɗiyar gyaɗa giram 130, dakakkiyar mazarƙwaila giram 100, farin sukari giram 80, ƙwai 1, fulawa giram 95, ot (hatsin nan irin na Quaker da ake damawa) giram 135, cakulan giram 150, bekin soda rabin cokalin shayi, gishiri rabin cokalin shayi, da filebon banila cokalin shayi 1. Uwargida, in da hali ki sayi ƙaramin sikeli. Gwangwanin fulawar da aka danna da wanda aka zuba sakaka ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ɗan bambancin nan ya isa ya sa kukis tauri.

Gyaɗa ce ta fi cin lokaci, kuma ta cancanci hakan. Muna garin da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ke fitar da irin gyaɗa na SAMNUT, don haka ban ga dalilin kashe kuɗi a kan ta kwalba ba. Sai dai a tsince ta da ido buɗe. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi-baƙi, ko take warin ruma, a jefar, domin irinta ce ke ɗauke da gubar afulatoksin mai cutar da hanta, kuma zafin gashi ba ya kawar da ita. Ki soya a yashi da wuta kaɗan har cikin ƙwayar ya yi ruwan zuma, ki murje ɓawon, ki fece. Wadda ba ta soyu ba tana barin ƙarnin ɗanyen wake, wadda ta zarce kuma ɗaci.

Wajen markaɗe ake yawan yin asara. Injin da ya gama markaɗa tattasai da albasa zai bar ƙamshinsu a gyaɗarki, kuma mai inji ya saba tsiyaya ruwa don aiki ya yi sauri. Ki nemi injin da masu ƙuli-ƙuli ke kai tasu, ki ce masa, "Malam, don Allah ko ɗigon ruwa kada a sa." Ruwa na sa markaɗen ya dunƙule ya fara fitar da mai, sannan ba ya daɗewa a ajiye. Kada kuma ki karɓi tunkuza a madadinta: an riga an matse manta, kukis ɗinta bushewa yake ya tsattsage. In markaɗenki ya kwana mai ya taso sama, ki juya shi har ƙasa kafin ki auna, in ba haka ba tiren farko ya yi maiƙo, na gobe ya yi gari.

Mazarƙwaila tana yin aikin da jan sukarin kanti ke yi, ni a wurina ma ta fi shi ƙamshi. Tana riƙe danshi, shi ya sa tsakiyar kukis ke yin taushi, sannan ɗan tsamin da ke cikinta ne ke tayar da bekin soda. A gurza ta ko a daka a tankaɗe, saboda ƙullutunta narkewa yake a wuta ya bar rami mai ƙonannen baki. A duba yashi da ɓurɓushin rake. Bekin soda daban, bekin fauda daban; soda ta fi ƙarfi kamar ninki uku, kuma in ta yi yawa sai a ji ɗanɗanon sabulu. Ki gwada tsohuwar soda da ɗigon lemun tsami, in ba ta yi kumfa ba ta mutu. Filebo kuma a karanta jikin kwalbar, domin wasu na banila da barasa ake jiƙa su. Akwai filebon hoda da babu barasa a cikinsa.

Botan ya kasance mai taushin da yatsa zai lotsa shi amma bai yi sheƙi ba. Da bazara, minti 10 bayan fitowa daga firji ya isa, kuma kwaɓin asuba ya fi na azahar. Majarin na gashi mai tauri yana yi, amma na shafa burodi ruwa ya yi masa yawa. Soyayyen man shanu kuma ba ruwa a cikinsa sam, sai an ƙara cokali 1 na madara, kuma ƙamshinsa kan danne na gyaɗa. Ki buga bota da gyaɗa da sukarin biyu minti 3 har launin ya yi haske, ki sa ƙwai da filebo, sannan fulawar da aka riga aka gauraya da soda da gishiri. Daga nan juyi kaɗan: da zarar farin gari ya ɓace ki tsaya, domin yawan juyi na sa fulawa danƙo. Ot da cakulan su ne na ƙarshe.

Ot ɗin gwangwani irin na Quaker da aka fi samu a kasuwar Sabon Gari ƙanana ne, suna shan ruwa da sauri, kukis ɗinsu ya fi tsayuwa da laushi. Manyan fala-falan sun fi daɗin tauna amma sun fi bajewa. In ba a samu ƙwayoyin cakulan na gashi ba, a sanyaya na sanda mai duhu a yayyanka kamar girman ƙwayar masara. Na madara zaƙi ya yi masa yawa a kan mazarƙwaila.

Hutun kwaɓi ba ado ba ne. Minti 45 a firji na daskarar da maiƙon, ot kuma ya sha danshi. In an ɗauke wuta, a rufe kwanon a ɗora shi a cikin roba mai ƙanƙara, kada dai ruwa ya shiga. A mulmula kamar cokali babba ɗaya da rabi, a jera da tazarar yatsu uku, a ɗan danna sama, domin kwaɓi mai gyaɗa da ya yi sanyi ba ya saurin kwanciya da kansa.

Obin ya yi zafi tun kafin a sa, digiri 175 zuwa 180, minti 10 zuwa 12. Mai gashin tukunya ta zuba yashi kaurin yatsu biyu, ta kafa gwangwanayen tumatir uku, ta rufe ya yi zafi minti 15, sannan ta ɗora faranti. Matsalar tukunya zafin ƙasa: gindi ya ƙone sama na ɗanye. Maganinsa rage wuta da zuba garwashi kaɗan a kan murfi. Ko obin ne ko tukunya, a fara gasa guda biyu a gani. In sun baje kamar wainar fulawa, kwaɓin ya yi ɗumi ko fulawa ta gaza, sai a ƙara cokali 2 na fulawa a mayar sanyi. In sun tsaya curi, an cika gari ko gyaɗar ta bushe, cokalin madara zai gyara.

Darasin da ya fi wuyar karɓuwa shi ne cirewa tun kukis bai yi kamar ya gasu ba. Gefe ya yi ja-ja, tsakiya na nan lakwas, to lokaci ya yi. Zafin tire zai ƙarasa shi cikin minti 5, kuma kafin nan kada a taɓa, karyewa zai yi. Wanda aka bari har tsakiyarsa ta yi tauri a wuta, in ya huce sai an jiƙa a shayi. Kada a jera sabon kwaɓi a tire mai zafi.

Ajiya tana bin kaka da rani. Da hunturu iska na tsotse danshinsa, don haka da ya huce a rufe a roba mai murfi tare da yankin burodi, a riƙa sauya burodin in ya bushe. A watan Agusta kuwa danshi ne ke shigarsa ya yi laushi, minti 3 a wuta kaɗan na dawo da shi. In za a kai wa maƙwabta ko a saka wa yara a jakar makaranta, a faɗa cewa akwai gyaɗa a ciki, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta, kuma ot da cakulan kan ɓoye ta.