Hornstrandir, inda yanyawa ba ta gudun mutum

Babu hanyar mota zuwa Hornstrandir, wani yankin bakin teku a ƙasar Aislan. Daga garin Isafjordur, can arewa maso yammacin Aislan, jirgin ruwa ake shiga, shi ma sai lokacin zafinsu. A watan Yuli muka tashi, amma iskar tekun sai da ta sa na ɗora riga a kan riga. Muka sauka a Hesteyri, ƙauyen da mutanensa na ƙarshe suka kwashe a 1952, suka bar gidajen ga masu zuwa hutu.

Ba mu yi nisa ba muka ga yanyawa ta farko, irin ta ƙasashen ƙanƙara, tana ta shinshine-shinshine a bakin ruwa. Ba fara ba ce. Yawancin na wannan gaɓa launin ƙasa ne mai duhu, rani da damina, farare kuwa sukan rikiɗe su yi ruwan toka idan dusar ƙanƙara ta narke. 'Yar ƙarama ce, nauyinta kilo 3 zuwa 4. Ta dube mu, ta ci gaba da sha'aninta. An hana farautarta a nan tun 1994, shi ya sa ba ta ɗauki ɗan Adam abin tsoro ba.

Na daɗe ina kallon halittarta. Kunnuwa gajeru, baki gajere, ƙafafu gajeru, duk don kada ɗumin jiki ya samu ƙofar fita. Har tafin ƙafarta gashi ne. Jinin da ke gangarawa ƙafa yana ɗumama wanda ke dawowa, saboda haka takan tsaya kan ƙanƙara cikinta bai huce ba. In iska ta tsananta sai ta dunƙule, ta rufe hanci da jela, kamar yaro cikin bargo da asubar hunturu. Ikon Allah!

Sai dai a Aislan yunwa ta fi sanyi yi mata barazana. Ƙananan ɓerayen nan da danginta ke ci a Kanada da Saberiya babu su a tsibirin. Abincinta tsuntsayen teku ne da ƙwansu, da mushen da igiyar ruwa ta turo, da 'ya'yan tsirrai. Na ga wata ta sauko daga dutse da tsuntsu a baki, ba ta ci ba, ta tona ƙasa ta binne. Tanadin hunturu ke nan, lokacin da tsuntsayen za su watse cikin teku. Wannan ya fi komai burge ni.

Ita kaɗai ce dabbar tudu mai shayarwa da ta riga mutane zuwa Aislan, kan daskararren teku ta tako. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a 2018 masana a Norway sun bi sawun wata da ta tashi daga tsibiran Svalbard na Norway ta isa Kanada, kilomita 3,506 cikin kwana 76.

Jagoranmu ya hana mu ba su abinci ko matsawa kusa da rami. Na ga dalili: in mutane suka tsaya a wurin, iyaye sukan rage kawo abinci, 'ya'yan kuma watanni kaɗan gare su su yi ƙiba kafin sanyi ya dawo.