Kyanwarmu da ragar na'urar sanyaya ɗaki

Laraba, Mabera, Sakkwato

Zafin yau ya haura digiri 40 tun kafin azahar, kamar yadda muka saba gani a watan Afrilu, kuma kusan dukan yinin ya tafi ne a kan kyanwarmu da na'urar sanyaya ɗakin da ke falo. Na'urar irin ta tsaye ce, wadda ke zuƙar iska ta wata raga da ke daf da ƙasa, sannan ta huro mai sanyi ta sama. Tun da bazara ta kankama kyanwar ta mayar da gaban ragar makwancinta, domin nan ne tayil ya fi sanyi, kuma ko an ɗauke ta sai ta koma.

Da hantsi mai gyara ya zo, saboda sanyin ya ragu ƙwarai. Da ya zaro matatar iskar, sai ga ta cunkushe da gashi da ƙura. Ya ce, "Hajiya, idan matata ta toshe haka iska ba ta ratsa bututun sanyin yadda ya kamata, sai ƙanƙara ta taru a kansu, injin ya yi ta wahala yana shan wuta a banza." Ya wanke ta, ya shawarce ni da in riƙa wanke ta duk bayan mako biyu.

Inna ta ce a zuba ƙwayoyin kafur a wurin, tun da kyanwa ba ta son warinsa. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan kam ba za a yi ba." Kafur ɗin da ake sa wa cikin tufafi guba ne ga kyanwa, yana lalata jininta idan ta lasa ko ta daɗe tana shaƙa, ga shi kuma na'urar za ta kwashi warin ta watsa shi a ɗakin da yara ke zama. Ɓawon lemu ya fi sauƙi, amma a wannan zafin ba ya jimawa yake bushewa. Kulle ta a ɗaki kuwa ban ko kawo shi a raina ba, domin kowa ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba fitina ce ke kai ta wurin ba. Zafin jikin kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma ba ta yin gumi sosai sai ta tafin ƙafafunta, shi ya sa take lasar jikinta tana neman ƙasa mai sanyi. Dabbar da zafi ya koro, tsawa ba za ta hana ta komawa inda ta sami sauƙi ba.

Bayan la'asar na yi waya da Yaya, wadda ke zaune a Amurka. Ta ce a gidaje da yawa a can kafofin iska a daɓen ɗaki suke, suna huro ɗumi lokacin hunturu, kuma kyanwoyi kan kwanta a kansu, wasu har su ɗaga murfin su shige bututun, ko farcensu ya maƙale a ragar. Masu gidajen sukan ɗaure murfin da ƙusa, su sa raga mai ƙananan idanu a ƙarƙashinsa.

Daga nan na sa aka kira mai walda, ya auna wurin domin ya haɗa ɗan shingen waya da zai tsaya kamar taki biyu daga na'urar, yadda iska za ta wuce amma kyanwa ba za ta kai ga ragar ba. Sannan na sa yara suka jiƙa yashin gindin randa da ke inuwar baranda, muka ajiye mata kwanon ruwa a gefe. Kafin magariba ta je ta shinshina wurin ta kwanta.

Gobe, in Allah ya kai mu, za a kawo shingen, ni kuma zan fara taje mata gashi kullum domin ya rage zuba. Na kuma gargaɗi yaran cewa duk wanda ya ga tana haki da baki buɗe ya sanar da ni nan take, domin a kyanwa wannan alama ce ta haɗari, sai a garzaya da ita asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.