Durom ɗin da na binne a bayan gidana

Maƙwabcina ne ya tayar da ni tsaye. Mun fito sallar asuba ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, ruwan rariyarka ya kwanta a ƙofar gidana, sauro ya hana yara barci." Cikin ladabi ya faɗa, amma sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Unguwarmu sabuwa ce a bayan garin Zariya, babu kwata, kowa lungu yake sakar wa ruwansa. Ruwan nan kuwa da kuɗina nake saye wurin 'yan garuwa.

Don in riƙa tace ruwan rariyar in yi ban ruwa da shi, na samo durom na roba mai cin lita 200, na huda shi ta ƙasa na sa fayif. Bayan gidan gangare ne, sai muka haƙa muka binne rabinsa. Manyan tsakuwa a gindi, ƙanana a kansu, sai gawayi, sannan yashin rafi da muka wanke. Ruwan wanka da na alwala da wanki da wanke-wanke duk na haɗa su hanya guda zuwa cikin durom ɗin. Na masai kam hanyarsa daban, wannan ba a wasa da shi.

Mako uku tak ya toshe.

Da na buɗe, saman yashin ya zama kamar kwalta: manja ya daskare, ga ƙanzon tuwo, ga ƙwayar shinkafa. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, ai da ka tambaye ni. Ko hannu ruwan tukunyar miya ba ya saki sai da omo, balle yashi." Gaskiyarta. Ni da ban taɓa wanke tukunya a gidan ba, ni na zauna na tsara wa ruwan tukunya hanya. Sai na sa bokiti mai murfi kafin durom. Ruwa ya shiga ta sama, fayif ɗin fita kuma na lanƙwasa bakinsa ya nutse zuwa tsakiya. Maiƙo ya taso sama, dattin abinci ya kwanta ƙasa, na tsakani ne kawai ke wucewa. Bokitin nan ya fi durom ɗin aiki.

Na kuma gwada tara abin da ya tace a tanki don ban ruwa. Kwana biyu ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya tace a ido ne kawai, ƙwayoyin cuta na nan. Yanzu kai tsaye yake gangarawa ramin ayaba da gwanda, nesa da rijiyar maƙwabta, na rufe ramin da busasshiyar ciyawa don kada sauro ya ga ruwa. Latas da duk abin da ake ci ɗanye ba na ba su.

Da rani ya tsananta, gefen ganyen gwanda ya soma ƙonewa, ƙasa ta yi fari-fari. Gishirin omo ne ya taru. Tun daga nan ruwan da aka sa wa bilic da na wankin kunzugun jariri sokawe suke tafiya. A watan Agusta ma, idan ƙasa ta ƙoshi, can nake juya komai.

Saman yashin nakan kankare shi duk wata biyu. Bokitin kuwa duk Asabar ake kwashe shi, kuma da yara sun ga na ɗauko ludayin da muka ware masa, sai kowa ya tuna yana da hadda.